Kifi daga jirgin sama: a bar daji da halinsa ko a sa masa hannu?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wani bidiyo da ke ta yawo: ƙaramin jirgin sama ya yi ƙasa-ƙasa a kan wani tafki da ke tsakanin duwatsu a jihar Yuta ta Amurka, ya buɗe cikinsa, dubban ƙananan kifaye suka zubo tare da ruwa. Hukumar namun daji ta jihar ce ke yin aikin. Masu sharhi duk dariya suke ta yi, ni kuwa tambaya ya bar mini. Amurka na da dazuzzukan da doka ta ce kada a taɓa, ba hanya, ba mota, ba gini. Amma irin wannan zubi har a tafkunan da ke cikin waɗannan dazuzzukan ana yin sa. To ina rashin taɓawar yake? Ko abin da gwamnati ta zuba da hannunta ba a lissafa shi cikin taɓawa?

Lauyan Zaure:
Wa alaikumus salam Baban Yusra. Dokar da kake nufi ita ce Dokar Ƙungurmin Daji, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Satumba, 1964. Howard Zahniser ne ya rubuta ta, ya yi shekaru yana fama da majalisa a kanta, ya rasu saura 'yan watanni a sa mata hannu. Ta fara da eka miliyan 9 da ɗoriya, yanzu ta haura eka miliyan 111 a yankuna fiye da 800, kuma sama da rabin wannan ƙasar a Alaska take.

Abin da ta hana a fili yake: hanya, mota, duk wani inji, kwalekwale mai inji, saukar jirgin sama, gini, da harkar kasuwanci. Ko keke ba a yarda ka shiga da shi ba. Ma'aikacin da itace ya faɗo masa a kan turba, zarton hannu yake ɗauka, shi da abokinsa su ja.

Sai dai an bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko, hukuma na iya yin abin da aka hana idan ya zama dole don kula da yankin, kuma ta tsaya a mafi ƙarancin abin da zai biya buƙata. Ta biyu, dokar ta ce ba ta taɓa ikon da jihohi ke da shi a kan kifi da namun daji ba. Wato ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, amma kifin da ke cikin ruwan da barewar da ke kan dutsen jiha ke ba da lasisin kama su. Ta wannan ƙofa ta biyu jirgin naka ya shiga. Inda ake zuba kifi ta sama tun kafin a keɓe wurin, galibi an bari an ci gaba.

Ɗan Masunci:
To ni Barista ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Tafki ne ba kowa a ciki, aka sa masa kifi, mutum ya yi tafiyar kwana biyu a ƙafa ya je ya jefa fatsa ya ji daɗi. Wa aka zalunta? Kuma a tuna, masu fatsa da mafarauta su ne ke riƙe da hukumomin nan. Kuɗin lasisi nasu ne. Tun 1937 akwai haraji a kan bindiga da harsashi da ake mayarwa ga kula da namun daji, a 1950 aka yi makamancinsa a kan kayan fatsa. Wanda ya je ɗaukar hoto kawai ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Malama Mai Alli:
Yayana Ɗan Masunci, a kan "ba kowa a ciki" ɗin nan zan tsaya, domin nan ne maganar take gaba ɗaya.

Tafkunan da ke saman duwatsun yammacin Amurka ƙanƙara ce ta haƙa su. Da ta narke, sai ga ramuka cike da ruwa a can sama, tsakaninsu da koguna akwai gangaren ruwa mai tsawo da kifi ba ya iya hawa. Shi ya sa kusan dukkansu suka yi dubban shekaru ba kifi. Amma ba kifi daban, ba rai daban. Akwai kwaɗi, akwai ƙwarin ruwa manya da ƙanana, akwai ƙananan halittu masu iyo da ido ke iya gani. Duk waɗannan sun tashi ne a ruwan da babu mai farautarsu, ba su san ɓuya ba.

Tun ƙarni na 19 mutane suka fara hawa da kifin tirawut a cikin gwangwanayen madara, a bayan alfadarai. Bayan yaƙin duniya na biyu sai jirgin sama ya karɓi aikin, tafkin da alfadari bai taɓa kaiwa ba shi ma ya samu rabonsa.

Ku ɗauki duwatsun Siyera Nebada na jihar Kalifoniya. Akwai wani kwaɗo mai rawayar ƙafa da a da ya fi kowace dabba mai ƙashin baya yawa a bakin tafkunan. Saboda sanyin wurin, ɗansa ba ya zama kwaɗo a shekara ɗaya. Yakan yi shekara biyu zuwa huɗu yana iyo da wutsiya, don haka dole sai tafki mai zurfi wanda ba ya daskarewa har ƙasa. Irin tafkin da tirawut ke so ke nan. Aka haɗa su gida ɗaya, kifi ya yi ta kalaci da 'ya'yan kwaɗi. Daga baya wata cutar fata da ake kira kitirid ta zo ta ƙarasa sauran. Kwaɗon ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka san shi, a 2014 aka sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Kuma abin bai tsaya cikin ruwa ba. Ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa su tashi daga tafki su ne abincin wasu tsuntsayen dutse a lokacin da suke ciyar da 'ya'yansu. Macijin da ke cin kwaɗi shi ma ya ragu inda kwaɗin suka ƙare.

Ɗan Masunci:
Malama ke da kanki kin ce cuta. Ta yaya aka san kifi ne ba cutar ba? Kada a ɗora wa kifi laifin da ba nasa ba.

Malama Mai Alli:
An gwada. Wani mai bincike, Vance Vredenburg, ya zaɓi wasu tafkuna a gandun Kings Kanyon ya kwashe kifinsu da raga, ya bar wasu da kifinsu. Inda aka kwashe, kwaɗi suka dawo suka cika wurin cikin 'yan shekaru. A 2004 ya wallafa sakamakon. A gandun Yosemiti kuma an daina zuba kifi a 1991, binciken Roland Knapp da abokan aikinsa ya nuna kwaɗin sun ninka kusan sau 7 cikin shekara 20, alhali cutar tana nan ba ta tafi ba.

Auta:
Anti don Allah yaya ake kwashe kifi daga tafki guda? Ni abin ya fi ƙarfin tunanina.

Malama Mai Alli:
Da wahala, ƙanwata. Ma'aikata biyu ko uku su goyo kayansu su hau dutse, su kafa tanti a bakin tafki. Su shiga ruwan sanyi a kan wata 'yar roba mai iska, su shimfiɗa kalli daga gaɓa zuwa tsakiya, su bar shi ya kwana. Da safe su bi shi hannu da hannu suna cire kifin da ya maƙale, su huda cikinsa don kada ya taso, su nutsar da shi a wuri mai zurfi. Kafin hunturu a sake shimfiɗa raga a bar ta a ƙarƙashin ƙanƙara har bazara. Shekarar farko kamun yana da yawa, daga nan ya yi ta raguwa, har a kai lokacin da za a yi wata guda ana ɗaga raga ba komai. Nan ne aikin ya fi cin rai, domin idan aka bar mace ɗaya da namiji ɗaya, komai ya dawo sabo. Tafki ƙarami na iya cin shekaru. Babban tafki ko ƙorama mai rassa kuwa raga ba ta iyawa, sai magani.

Auta:
Magani kuma? Wato guba? A dajin da aka ce ko keke kada a shiga da shi? Kuma shi kifin me ya yi, ba shi ya kawo kansa ba.

Lauyan Zaure:
Guba ce, Auta, sunanta rotinon. Daga saiwar wasu tsirrai ake samunta, tana kashe masu numfashi cikin ruwa, ba kifi kaɗai ba, har da ƙwarin ruwa da 'ya'yan kwaɗi. A ƙasan inda aka zuba ta sai a riƙa ɗiga wani sinadari da ke karya ƙarfinta don kada ta wuce iyaka.

Kuma ba ke kaɗai kika ɗaga murya ba. A ƙoramar Silba King da ke cikin wani keɓaɓɓen daji a Kalifoniya akwai wani jinsin tirawut da ake kira Payut, wanda a duk duniya asalinsa bai wuce wani yanki mai kimanin mil 11 na wannan ƙoramar ba. Baƙin kifin da aka zuba suka yi barbara da shi har asalin ya ɓace a gidansa. Hukumomi suka ce za su kashe duk kifin da ke wurin su dawo da na asali. Masu adawa da guba suka kai ƙara, aka yi shekaru ana ja, har kotu ta dakatar da aikin a 2011. Sai daga 2013 zuwa 2015 aka zuba maganin, a 2019 aka mayar da kifin.

Ɗan Masunci:
Barista ka tsallake wuri mafi daɗi a labarin. Ina aka samo na asalin da aka mayar? Makiyayan tumaki ne a 1912 suka ɗebi kifin suka haura da shi saman gangaren ruwa, inda a da babu kifi. Can ya tsira daga barbara. Wato abin da Malama ke kuka da shi, sa kifi a inda babu, shi ne ya ceci wannan jinsin. A rubuta wannan ma a allo.

Malama Mai Alli:
An rubuta, Yaya. Sa'a ce ta faɗo daidai, kuma ba a gina tsari a kan sa'a.

Dattijon Zaure:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, Allah ya yi muku albarka. Ni ra'ayina ya bambanta da na ɓangarorin biyu.

Wanda ya hau da kifi a bayan alfadari ba jahili ba ne a zamaninsa, gyara yake ganin yana yi. Ma'aikatan da suka ƙarar da kyarketai a gandun Yelosuton, har aka kashe na ƙarshe a 1926, umarnin masana suke bi, wai suna kare barewa. A tudun Kaibab na jihar Arizona, bayan Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wurin a 1906, an bi masu cin nama an kashe don barewa ta yawaita. Ta yawaita, ta cinye ganyen, yunwa ta kashe ta a shekarun 1920. Kowane zamani da masanansa, kuma kowannensu yana da tabbaci. Na yau sun ce na jiya sun yi kuskure, a ba su jirgi da guba su gyara. Me zai sa na gobe ba za su faɗi haka a kan na yau ba?

A fahimtata amfanin wannan doka ba kare daji daga ɓarayi ba ne kawai, domin wannan ko wace dokar gandu tana yi. Amfaninta kare daji daga masu kyakkyawar niyya. A ce ga wani yanki ƙanƙani na duniya inda ɗan Adam zai naɗe hannu ya kalla. Idan duk lokacin da abin da muka gani bai yi mana daɗi ba za mu sa hannu, to ba mu naɗe ba ke nan. Garin neman gira kada a rasa ido.

Malama Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka tana da nauyi, kuma ina tare da kai a kan cewa wanda ke son sa hannu shi ne zai kawo hujja, ba wanda ya ce a bari ba. Labarin Kaibab ɗin ma masana na baya sun ce ƙidayar barewar kintace ce, kuma kwashe shanu da tumaki daga wurin ya taimaka wajen yawaitarta, wanda hakan ƙarin ƙarfi ne ga maganarka cewa sanin namu gajere ne.

Amma naɗe hannu a kan tafkin da muka riga muka zuba wa kifi ba barin daji da halinsa ba ne, barin sa ne da halinmu. Hannunmu yana cikin ruwan yana iyo, yana hayayyafa.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: aikin yana da ranar gamawa ko ba shi da ita? Kwashe kifi yana ƙarewa. Ranar da na ƙarshe ya fita, a naɗe raga a sauka, tafkin ya ci gaba da harkarsa ba tare da mu ba. Zuba kifi kuwa, a tafkin da ba ya iya hayayyafa, sai jirgi ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu har abada. Na farko zare hannu ne, na biyu kiwo ne. Ba na ƙin kiwo, amma a yi shi a inda ba a yi wa alƙawarin bari ba.

Lauyan Zaure:
Kotuna ma sun fi karkata ga tambayar "dole ne?" fiye da tambayar "yana da kyau?". Misalai uku a taƙaice.

A tafkin Tustumena na Alaska a da an riƙa ɗibar ƙwan kifin salmon a ƙyanƙyashe a waje, a dawo da 'ya'ya kimanin miliyan 6 a zuba duk shekara don masunta 'yan kasuwa su samu kamu a teku. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan harkar kasuwanci ce, dokar ta hana, ko da ba a nuna ta cutar da tafkin ba.

A Kofa, cikin hamadar Arizona, ragunan dutse sun ragu da kusan rabi tsakanin 2000 da 2006. Hukuma ta gina manyan tankunan ruwa biyu. A 2010 kotu ta ce kare ragunan manufa ce halastacciya, amma ba ku nuna cewa gini ya zama dole ba. Kun duba dakatar da farautarsu? Kun duba daina kwashe wasu kuna kai su wasu wurare? Kun duba masu cin su?

Na uku ya fi zafi. A farkon 2016 aka ba hukumar namun daji ta jihar Aidaho izinin saukar jirgi mai saukar ungulu har kusan sau 120 a dajin Frank Church don ɗaura wa manyan barewar nan da ake kira elk abin wuya mai na'ura. Suna cikin aikin suka ɗaura wa kyarketai 4, abin da ba ya cikin izinin. Jihar kuwa ba ta ɓoye burinta na rage kyarketai a yankin don elk ya yawaita ba. A 2017 alƙali ya ce izinin kansa ya saɓa doka.

Baban Yusra:
Wato dai Barista, jiha tana kallon dajin a matsayin inda ake samar da abin farauta, ita kuma dokar tarayya tana kallon sa a matsayin inda ake bari. Mai gida ɗaya, mai dabba daban.

Ɗan Masunci:
Kada a mayar da mu miyagu dai. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fafutikar keɓe dazuzzukan nan mafarauta ne da masu fatsa. Aldo Leopold, wanda ya sa aka keɓe dajin Gila a 1924, shekara 40 kafin dokar, mafarauci ne. Ka kori mai fatsa daga daji, ranar da kamfanin haƙar ma'adinai ya zo, wa zai je majalisa ya yi ihu? Kwaɗo?

Kuma ana iya sulhu. A gandun Kaskeds ta Arewa, jihar Washinton, majalisa ta yi doka a 2014 ta yarda a ci gaba da zuba kifi a tafkuna da ba su wuce 42 ba, da sharaɗin kifin da ba zai hayayyafa ba. Sauran a bar su. Ko a Siyera Nebada ɗin, tafkunan da aka kwashe wa kifi 'yan kaɗan ne cikin dubbai. Ba wanda ya ce sai ɗaya ya mutu.

Mai Taswira:
Salamu alaikum, na iso a makare. Malama, ina so in gwada ma'aunin naki a wani wuri, in ga ko zai ɗauka.

Ayil Royal tsibiri ne a tafkin Sufiriyo, jihar Mishigan, kusan dukkan ƙasarsa tana ƙarƙashin wannan dokar. Wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira mus ta isa can a farkon ƙarni na 20. Kyarketai suka bi ta a ƙarshen shekarun 1940, suka taka ƙanƙara daga Kanada a wani hunturu. Tun 1958 masana ke ƙirga su kusan duk shekara, babu wani bincike irin sa da ya kai shi daɗewa. Kyarketai sun kai 50 a 1980, wata cutar karnuka da mutane suka shigo da ita ta mayar da su 14 cikin shekara biyu. Daga nan barbara tsakanin dangi ɗaya ta yi ta cin su, har ƙashin bayansu ya riƙa fitowa a karkace. A 1997 wani namiji ya tsallako ya sabunta jinin na ɗan lokaci. Zuwa 2016 saura biyu, uba da 'yarsa, waɗanda kuma uwarsu ɗaya. Mus ya samu sake, ya haura 2,000, yana cinye ƙananan itatuwa.

Hukumar gandun ta yi shekaru tana jinkiri, sannan a 2018 ta yanke shawara. Tsakanin 2018 da 2019 aka kawo kyarketai 19 daga Minesota da Ontariyo da Mishigan. Wata mace cikinsu ma da ƙanƙara ta haɗe a hunturun farko, ta taka ta koma inda ta fito. Zuwa 2024 an ƙirga kyarketai kusan 30, mus ya sauko ƙasa da 900.

Ga tambayar. Abin da ke kawo sabon jini tsibirin gadar ƙanƙara ce, ita kuwa saboda ɗumamar yanayi ba ta cika haɗewa kamar da ba. Ke nan nan da wasu shekaru barbarar dangi za ta dawo, a sake ɗauko jirgi. Ina ranar gamawa? A ma'auninki wannan kiwo ne. Amma kuma mu muka kawo cutar, mu muka narkar da gadar.

Malama Mai Alli:
Malam Mai Taswira, ka kawo mai wuya. Zan bi ma'aunin har inda ya kai ni: da ni ce, da ban kai su ba. Tsibiri ƙarami ba ya riƙe babban mai cin nama har abada, kuma kafin mus da kyarkeci wasu dabbobin ne a wurin, su ma suka shuɗe. Da an bari, mus zai yi yawa, ya ci, yunwa da sanyi su rage shi kamar yadda suka yi a 1996. Ba daɗin gani, amma da mun koyi abin da yanzu ba za mu taɓa koya ba.

Kuma hujjar "mu muka ɓata yanayi" tana ba ni tsoro. Ɗumamar yanayi ba ta bar ko taku ɗaya na duniya ba. Idan ita kaɗai ta isa izini, an ba da izinin sa hannu a ko'ina, a kan komai.

Dattijon Zaure:
Madalla 'yata. A nan mun haɗu.

Mai Taswira:
Ni ban haɗu da ku ba, Baba. Ana iya kiran sa kiwo, na yarda, amma kawo kyarkeci sau ɗaya a shekara 20 ko 30 sannan a bar shi ya yi aikinsa ba daidai yake da jirgin da ke zuba kifi don masu fatsa ba. Ɗaya yana riƙe da tsarin daji ne, ɗaya yana riƙe da nishaɗinmu. A tambayi don wa ake yin aikin, ba yaushe zai ƙare kawai ba.

Maman Haidar:
Ina ta jira in ga ko wani zai taɓo wani abu, ba wanda ya taɓo. Duk kuna magana kamar dazuzzukan nan ba a taɓa zama cikinsu ba. Kwarin Yosemiti yana da mutanensa, a 1851 aka tura dakaru suka kore su. Su ne ke sa wa ciyawa wuta lokaci-lokaci, shi ya sa Turawan farko suka tarar da fili mai kyau da itatuwa jefi-jefi, suka ɗauka haka Allah ya bar shi. Da aka hana wutar, wurin ya cushe. To "halin daji" na wace shekara ake son komawa? Na kafin kifi, ko na kafin a kori masu wurin?

A Alaska an ɗan gane wannan. Dokar 1980 da ta keɓe manyan yankuna a can ta bar mazauna karkara su ci gaba da farauta da su don ciyar da kansu, har da amfani da kwalekwale mai inji da babur ɗin ƙanƙara. Daji ne keɓaɓɓe, da mutane a ciki, kuma bai rushe ba.

Dattijon Zaure:
Gaskiya ce Maman Haidar, kuma zalunci ne aka yi musu. Sai dai wanda ya zauna a wuri kaka da kakanni yana cin abinsa da gwargwado, ba shi nake tsoro ba. Mai jirgi da kasafin kuɗi nake tsoro.

Auta:
Ni dai awakin nan na gani a hoto, an rufe musu ido an rataye su a ƙarƙashin jirgi suna lilo. Su ma cikin wannan maganar suke?

Mai Taswira:
Suna ciki. Awakin dutse ne na gandun Olimfik a jihar Washinton. A shekarun 1920 aka kai su wurin, ba asalinsu ba ne. Duwatsun ba su da gishirin lasa, sai suka koyi bin masu yawon daji suna lasar inda suka yi fitsari da gumin jikin kayansu. Suka daina tsoron mutum, a 2010 wani bunsuru ya kashe wani mutum. Daga 2018 zuwa 2020 aka kwashe su da jirgi, aka saki 325 a duwatsun Kaskeds inda asalinsu yake, waɗanda suka gagara kamu aka harbe.

Ɗan Masunci:
Bunsuru ya bi mutum saboda fitsari. Allah mai iko. Malama, wannan yana da ranar gamawa ko?

Malama Mai Alli:
Yana da ita, kuma shi ya sa ban yi ƙorafi a kansa ba, duk da ƙarar jirgin da aka cika dajin da ita na tsawon makonni.

Ɗan Masunci:
To bari in tambaye ki ta ƙarshe, tunda yau ke ce alƙaliya. Kwaɗin nan naki, ba ana ɗibarsu daga wannan tafki a kai wancan ba, wani lokaci har da jirgi mai saukar ungulu? Ba ana kai 'ya'yansu gidan zu na San Faransisko a rena su, a gwada musu cutar a warkar da su don jikinsu ya saba, sannan a dawo da su ba? Nawa kifin idan ya hau jirgi laifi ne, naki kwaɗon idan ya hau ibada ce?

Malama Mai Alli:
Ana yi, Yaya, kuma ni ma ina sa musu ido da wannan ma'aunin. Inda aka kai kwaɗin da suka riga suka jure cutar, suka kama wurin suka fara hayayyafa da kansu, an gama, kada jirgi ya sake zuwa. Inda kuwa aka kai sau biyu, sau uku, suna mutuwa, a haƙura da wannan tafkin. Idan ka ga shekara 30 nan gaba ana nan ana jigilar kwaɗi daga gidan zu zuwa tafki ɗaya, ka zo ka kira shi kiwo, ni zan fara sa hannu a takardar ƙorafin.

Ɗan Masunci:
Na adana wannan saƙon. Admin ka zama shaida.